Masu Tashi Da Masu Sauka A Ƙofar Wambai

Duk wanda ya yi sammako ya fita ta Ƙofar Wambai a birnin Bauci cikin makon ƙarshe na watan Satumba, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba, zai tarar gari ya sake kama. Marka ta wuce. Ruwa ya fara ja da baya, sai dai hadarin la'asar mai yawan tsawa, wanda sau da yawa iska ce kawai a cikinsa. Raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf, gero ya tafi rumbu, dawa ta fid da kai tana jiran rana ta ƙarasa ta. Ɗan zafin nan da ke biyo bayan damina shi manoma ke kira agazari, kuma daga shi sai kaka. To, a cikin waɗannan 'yan makonni ne sararin Bauci ya kan cika da kaiwa da komowa irin wadda ba a gani a sauran watannin shekara, domin tsuntsayen damina suna haramar tashi, waɗansu baƙi kuma suna sauka daga wata uwa duniya. Amma fa mutum ɗari sa wuce ta ƙofar nan, da ƙyar a sami guda da zai ɗaga kai ya duba.

Ita Ƙofar Wambai ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye birnin da ita, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa garin a wajajen 1809. 'Yan'uwanta su ne irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Idi da Ƙofar Jahun da Ƙofar Inkil. Masu ba da tarihi sun ce wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna wa Yakubu inda zai kafa birnin, kusa da Dutsen Warinje, aka kuwa sāka masa da sa wa garin sunansa. Watau dai tun ran gini, da shawarar mutumin daji aka fara garin nan, wanda ya san sawun kowace dabba da kukan kowane tsuntsu. A zamanin da ake rufe ƙofa da almuru, wanda dare ya yi masa a bayan ganuwa ya shiga hurumin kura. Yau kuwa ganuwa ta zaizaye, sai kufanta nan da can, gari ya tsallake ta ya yi gaba abinsa, musamman tun daga 1976 da Bauci ta zama hedkwatar jiha. Gidajen bulo da makarantu da shaguna sun cinye gonakin bakin ƙofa. Abin da ya gagari gari haɗiyewa shi ne duwatsu. Duwatsun Bauci kuwa ba na yarwa ba ne, don a cikinsu akwai wani iri mai duhun kore wanda masanin duwatsu Farfesa Oyawoye ya yi nazarinsa a shekarun 1960, ya raɗa masa suna da sunan garin, kuma da wannan suna masana suka san shi har ƙasashen waje. A gindin waɗannan duwatsu, da ragowar gonaki da fadamun da ke gaba da su, nan ne mai son kallon tsuntsaye zai sami abin da ya fito nema.

Babbar mai tashi a wannan lokaci ita ce shamuwa. Ba sai an kwatanta wa Bahaushe ita ba: baƙa ce, ƙirjinta fari, ga dogayen ƙafafu, ga tafiyar ƙasaita kamar ta mai bin bashi. Ta kan iso a watan Afrilu ko Mayu tare da hadarin farko, shi ya sa manomi in ya gan ta ya kan je ya duba fartanyarsa da irin shukarsa. Ba ta yin sheƙa a daji. Tsakiyar mutane ta ke zaɓa, a kan kuka ko tsamiya ko rimi, kuma ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya da danƙo an hore shi kada ya harbe ta. Wannan kunya da ake ji mata ba a banza ba ne, domin abincinta fara ce da tsutsar gona, watau abokan gabar mai shuka. Kafin Satumba ta ƙare 'ya'yanta sun yi fiffike. Sai a ga suna taruwa a fili gomiya-gomiya, suna kiwo shiru, in hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta ɗau zafi su tashi su yi ta shawagi suna hawa sama ba tare da kaɗa fiffike ba, har su zama ɗigo-ɗigo. Wata safiya kuma sai a tashi a ga sheƙa wayam.

Ina ta ke zuwa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ta bi ruwa, kuma wannan amsa gaskiya ce tsantsa. Masu binciken da suka ɗaura wa waɗansu shamuwoyi na'ura a Jamhuriyar Nijar, suka bi su ta tauraron ɗan'adam, sun ga suna nausawa gabas tukuna, sa'an nan su karya kudu ta wajen Tanzaniya. A ƙasashen Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu a kan ga garkunansu daga watan Nuwamba, daidai lokacin da daminar can ke kankama. Ashe ke nan shamuwa ba ta san rani ba. Tana barin kakar Bauci ta tarar da shukar waɗansu, in can ta ƙare ta juyo. Turawa kuwa da suka zo rubuta ta a littattafansu, sai suka laƙaba mata sunan wani gwamnan Turkawa mai suna Abdim da ya yi mulki a ƙasar Sudan wajajen 1820, mutumin da manoman da suka yi zaman amana da ita shekara da shekaru ba su taɓa jin labarinsa ba.

Su ma Turawan sun daɗe cikin duhun kai game da inda nasu tsuntsayen ke ɓacewa da sanyi. Har waɗansu malamansu sun rubuta cewa tsattsewa nutsewa ta ke yi cikin laka a ƙasan tafki ta yi barci sai bazara. A 1822 ne aka harbo wata farar shamuwa a kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nan nahiyar. Wani maharbi ne, wanda Allah kaɗai ya san ƙauyensu, ya yi jifa bai kashe ba, jifar tasa ta zama hujja ga masanan wata nahiya. Har yau tsuntsuwar tana ajiye a Jami'ar Rostock da mashin a wuyanta.

Masu sauka kuwa ba su da ƙasaitar shamuwa, kuma nan ne ake bukatar haƙuri. Ƙananan tsuntsaye ne masu launin ƙasa, waɗanda mai wucewa zai ce ai duk ɗaya ne. Akwai wani da ya kan zauna a kan karan dawa ko tsinin ƙaya, ƙirjinsa ruwan goro, da farin zane a saman ido kamar an ja masa kwalli, yana kaɗa wutsiya, ya sauko ƙasa ya cafke ƙwaro ya koma mazauninsa. Akwai wani mai rawaya ciki da ke bin ƙafar shanu a fadama yana rausaya bindi. Akwai wani kuma ɗan mitsitsi da ke leƙe-leƙe a cikin ganyen gawo da farar ƙaya, wanda nauyinsa duka bai wuce giram 10 ba, watau bai kai cokalin sukari ba. Waɗannan duka a Turai aka ƙyanƙyashe su. Sun ƙetare Bahar Rum, sun ƙetare hamadar Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000, akasari tafiyar dare, ba ci ba sha, da guzurin kitsen da suka tara a jikinsu kurum. Wanda ya iso a rame, ciyawa kore ta farko da ya gani ita ce ceton ransa, kuma ƙarshen daminar ƙasar Hausa shi ne ya tanadar masa ita, ga ƙwari ko'ina.

A dajin Amurum kusa da Jos, tafiyar kamar awa biyu daga Bauci, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 2000. Masananta sun kama irin tsuntsun nan mai zama a kan kara, suka sa masa zobe a ƙafa, waɗansu kuma suka goya musu 'yar na'ura mai nuna inda suka bi. Abin da suka gano ya isa abin mamaki. A gabashin Turai su ke yin sheƙa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu su kan dawo ɗan fegin gonar da suka bari bara, ba wani ba. Saboda haka in manomin bayan Ƙofar Wambai ya ga ɗan tsuntsu a kan shingensa bana, mai yiwuwa ne baƙonsa ne na bara ya dawo masauki. In kuwa an yanka gonar an yi fuloti, ya dawo ya tarar da kwanon rufi.

'Yan gida su ma suna cikin kwalliyarsu ta ƙarshe. A cikin gamba da ƙyasuwar da suka kai wuyan mutum, namijin mulufi ya kan hau ya kumbura, ja wur da baƙi sil, yana tashi sama-sama da ciyawa kamar garwashin da iska ta ɗauka. Zalaidu na jan doguwar wutsiyarsa da ƙyar, shi da ba ya gina sheƙa, matarsa ta kan kai ƙwanta gidan wani tsuntsu a rene mata. Nan da 'yan makonni mulufi zai tuɓe rigar angonci ya koma launin ƙasa, har mutum ya rantse ya bar gari, alhali yana nan. Ragon maza na can cikin duhuwa yana kukan nan nasa mai kama da ana tsiyaye ruwa daga tulu. Cilakowa kuwa a watan Oktoba a kan ga ayarinsu suna gangarawa kudu, ɗaya na bin ɗaya, su kaɗa fiffike su saki jiki, suna fito mai ban tausayi. Shirwa ma da ta haura arewa da damina ta fara dawowa, mata masu kiwon 'yan tsaki sun san da zuwanta tun kafin kowa.

Sai dai kada a yi wa manomi daɗin baki. Shi ba kowane tsuntsu ne abin sha'awa gare shi ba a wannan lokaci. Marai na saukar wa dawa, hasbiya da kurciya na tsince abin da ya zube, kuma a kan sa yara su hau gado a tsakiyar gona tun asuba, suna jan igiyar gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dushe. Uwa-uba jan-baki, wanda in ya taso daga fadamun Haɗeja da Jama'are da yankin Tafkin Cadi ya kan rufe rana kamar hadari, ya share gonar gero ko shinkafa a wuni guda. Hukuma ta kan yi masa feshi da jirgin sama a makwancinsa. Ba wanda zai ce a zuba ido a cinye wa talaka abincin shekara. Amma gubar ba ta tambayar suna, shaho da mujiya da duk mai cin mushen da ya ɗauki gawar jan-baki shi ma ya kan sha rabonsa, kuma wannan ɓangaren lissafi ba a cika kawo shi ba.

A kan duwatsu kuwa labarin na masu ƙafa huɗu ne. Inda ba a matsa musu ba, rema ta kan fito shan hantsi a bakin kogo, da ta ji motsi ta yi ƙara ta shige. Kazar dutse na kiran 'yan'uwanta da asuba, damo na lallaɓawa, kurege na tsallake hanya da bindi a sama. Dattawan unguwa su kan ba da labarin lokacin da birai ke saukowa ɓarnar masara, kura kuma na kuka a ji ta har cikin gari. Waɗannan sun ja baya tuntuni. Ga masu fasa dutse, ga masu saran itace, ga karnukan farauta, kowa na ɗiban rabonsa.

Amma babban rashin da mai lura zai gani a sararin Bauci ba a kan dutse ya ke ba. Ungulu ce babu. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu, suna jere a kan rufin kasuwa da katangar mayanka, suna tsalle-tsalle a tsakanin ƙafafun mutane, ba mai kula su sai don tsokana. Karin magana ya ce ungulu ba ta jewar banza, wanda ya ga tana shawagi ya san akwai mushe. Yau yaro ya kan yi wayo har ya gama firamare a birni bai taɓa ganin ta ido da ido ba, sai a karin maganar. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta da ƙwanta ga masu tsubbu, kuma kasuwannin Nijeriya sun yi ƙaurin suna a wannan ciniki, har daga maƙwabta ake shigo da ita. Ana sa wa mushe guba don kare ko kura, ita ta zo ta ci. An sare dogayen itatuwan da ta ke sheƙa. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe a mako guda sai an yi shekaru ba a mayar ba.

Wani zai ce to mene ne, ƙazamar tsuntsuwa ce. Mutanen Indiya sun riga sun ga amsar wannan magana. A shekarun 1990 ungulayensu suka mutu kusan ƙaf saboda wani maganin ciwon jiki, diclofenac, da ake yi wa shanu allurarsa, wanda ke kashe ƙodar duk ungulun da ta ci gawar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin, bayan ɓarna ta riga ta auku. Aikin da ungulu ke yi wa gari kyauta, na kwashe ƙazanta kafin ta zama cuta, ba a san kuɗinsa ba sai ranar da aka nemi mai yi aka rasa. Haka gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, yanzu an fi ganin ta a gidajen masu hali an karya mata fiffike, a fadama kuwa sai a yi shekaru ba labari.

Baƙon da ya sauka Bauci ya ce dabbobi ya zo gani, kowa Yankari zai nuna masa, kuma da gaskiyarsu. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, yana da giwa da ɓauna da gwanki da dorina, ga ruwan ɗumi na Wikki, kuma an lissafta tsuntsaye fiye da iri 350 a cikinsa. Sai dai farkon kaka ba lokacinsa ba ne ga mai neman manyan dabbobi. Ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa na kwance a kowane kududdufi, dabbobi sun watsu, ba abin da zai tilasta musu zuwa bakin Kogin Gaji sai rani ya tsananta. Mai hikima a wannan wata ya kan ajiye kuɗin motarsa, ya taka da ƙafa bayan gari, ko ya leƙa bakin madatsar ruwa ta Gubi inda zalɓe da kirinjijiya ke sauka.

Akwai kuwa masu yin haka yanzu, ko da ya ke ba su da yawa. Tun wajajen 2015 aka fara wani aiki na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nan ta Jos ke jagoranta. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai su shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji, su aika ta wayar hannu. Samari da 'yan mata na Arewa, akasari ɗaliban jami'a, sun shiga aikin. Ba su rasa shan tambaya. Wanda aka gani da madubin hangen nesa a wuya yana leƙen gonar mutane da littafi a hannu, in ba a ɗauke shi ma'aunin fili da ya zo yanka fuloti ba, a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Shi ya sa mai hankali a cikinsu ya kan fara da gaida mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga nan sai dariya, a ce yanzu duk karatun nan a kan tsuntsu zai ƙare.

Abin lura shi ne, sau da yawa yaron da ya zo da littafin Turawa mai hotuna ya san sunan tsuntsu da Ingilishi da Latin, amma bai san shi da harshen uwarsa ba. Tsohon da ke zaune a gindin tsamiya kuwa, wanda ya yi farauta da kan burtu a goshi yana sanɗa a cikin ciyawa, bai san Latin ba, amma ya san suda da carki da tsanwaka da yautai, ya san wanda kukansa ke nuna ruwa ya kusa da wanda ke nuna maciji na kusa. In yaron ya yi ladabi ya durƙusa ya ce, "Baba, wancan mai dogon bindi fa?" sai a ba shi suna, a ɗora masa da kirari da tatsuniya. Irin waɗannan tsofaffi suna ƙarewa da sauri kamar ungulun, kuma abin da ke kansu kaɗan ne aka rubuta. Makarantun da ke kewaye da ƙofar nan ba su rasa malamin kimiyya da malamin Hausa, kuma fita da yara bayan gari na awa ɗaya ba ya cin ko kwabo.

Da la'asar sakaliya, in zafin agazari ya karye, balbelu su kan taso daga wajen shanu jeri-jeri, farare tas, su nufi itacen da suka saba kwana. Tsattsewa na yankan iska a saman rufin gidaje, waɗansu 'yan gida, waɗansu kuwa jiya-jiya suka sauka daga ƙetaren teku, kuma sai mai ido ne zai bambance. Masu keken haya na ta hon a bakin ƙofa, masu gasa masara sun fara fifita wuta. Ana kiran sallar magariba jemagu su ɓarke daga kan itatuwa su nufi inda ɓaure ya nuna. A kan wata tsohuwar kuka da ta tsira daga gatari, shamuwa biyu ko uku da suka makara suna tsaye a bakin sheƙa sun fuskanci gabas.